I'inar Baba Ladan

Lahadi, 1 ga Yuni, 1975, ƙarfe goma na safe

Yaya Sanda ya zo tun ban gama wanke-wanke ba, da jaridu uku a hammata, takalminsa duk taɓo. Ko zama bai yi ba ya fara karanta mini. Duka ukun sun yi magana a kan fim ɗinmu, Wuƙa a Kube. Ɗaya ta ce ba a taɓa nuna zamanin Turawa da idon talaka haka ba. Ɗaya ta yi ƙorafin ya yi tsawo, kuma fassarar Turancin da ke ƙasa tana gudu kafin mutum ya karanta. Ta ukun, wadda Yaya ya fi jin tsoron mai sharhinta, rabin shafi ta ba mu.

Shekara uku Yaya ya yi yana wahala a kan fim ɗin nan. Ni na rubuta masa labarin, don ni ce haifaffiyar Agege. Shi ɗan kawuna ne daga Kano, a bakina ya fara jin yajin mahauta na 1947: yadda suka mayar da wuƙaƙensu kube kwana tara saboda Turawa sun ƙayyade farashin nama, da yadda wani na cikinsu ya kai wa 'yan sanda sunayen shugabanni bakwai.

Mai sharhin ya ce wurin da ya fi taɓa shi shi ne inda maci amanar yake tsaye gaban Baturen 'yan sanda yana i'ina, sunaye suna maƙale masa a wuya. Ya ce duk wanda ya rubuta wannan wuri, ya san mutumin ido da ido.

Yaya ya karanta layin sau biyu yana kallona yana murmushi. Na ce masa shinkafata tana ƙonewa, na shige kicin. Ban ɗora komai a wuta ba.

Talata, 3 ga Yuni, bayan an tashi makaranta

Hedimasta ya tara malamai ya sa aka tafa mini. An sa fim ɗin cikin biyar da alƙalan gasar fasaha za su duba, ranar 28 za su faɗi wanda ya ci. Wanda ya ci shi za a kai ƙasashen waje. Akwai kuma lamba ta daban ta wanda ya rubuta labari, sunana yana ciki: Hassana Yari. Hedimasta ya ce marigayi babana zai yi alfahari da ni. Na ce amin, ban san ma abin da na amsa wa amin ba.

Alhamis, 5 ga Yuni, yamma

Yau ma ban bi ta layin su ƙawata Kalsum ba. Na zaga ta bakin hanyar jirgi, ruwa ya yi mini duka.

Asabar, 7 ga Yuni, ƙarfe biyu

Na je gaida Inna. Tana tsince wake, ba ta ɗago sosai ba. Ta ce shekaranjiya mahauta sun cika manyan bas-bas na molue biyu sun tafi silima a Mushin kallon fim ɗin, har da waɗanda ba su taɓa shiga silima ba.

Ta ce, "An ce mutumin da ya ci amana a ciki bahago ne."

Na ce e.

"An ce fata yake saye. An ce yana i'ina."

"Inna, sunansa Dogo. Ba kowa ba ne, ƙirƙirarsa aka yi."

Ta ajiye farantin ta dube ni. "Hassana, bahago mai i'ina mai sayen fata, mutum nawa ne a Agege?"

Ta koma kan wakenta. Da zan tafi ba ta raka ni ƙofa ba.

Litinin, 9 ga Yuni, ƙarfe huɗu

Kalsum ta same ni a makaranta lokacin tara. Ƙawata tun muna makarantar allo, 'yar Baba Ladan mai fata. Ita ta wanke mini Fatu ranar da na haife ta. Ta tsaya a bakin aji, ta ƙi shigowa.

Ta ce ranar Juma'a babanta ya shiga sahu, na damansa ya matsa, na hagunsa ya matsa, aka bar shi da fili kamar mai kuturta. A kwata samari suna kwaikwayon maganarsa in ya wuce. Mahautan da ya shekara talatin yana karɓar fata a hannunsu sun ce an riga an yi wa wani alkawari.

"Malama, wa ya gaya miki babana ne?"

Ba ta taɓa ce mini Malama ba.

Na ce, "Ni ban ce shi ba ne."

"Ba ki ce ba. Kin nuna. Shi ko fim ɗin bai gani ba, tambayata yake me ya yi wa mutane."

Aka kaɗa ƙararrawa. Na ji daɗin ƙararrawar nan, Allah Ya yafe mini.

Laraba, 11 ga Yuni, bayan la'asar

An yi hira a rediyo. Wani malamin jami'a ya ce ya kamata a riƙa nuna fim ɗin a makarantu, domin tarihi ne ba wasa ba. Abokin hirarsa ya ce hoton ya yi duhu a wasu wurare, amma bai ga wanda zai ja da mu ba sai wani fim na Yarbawa a kan yaƙin sarakuna. Dukansu sun ce ɗan wasan da ya fito a Dogo shi zai ɗauki lambar gwani. Maigidana ya ƙure ƙarar rediyon don maƙwabta su ji.

Tarihi ne ba wasa ba. Har yanzu maganar tana kunnena.

Alhamis, 12 ga Yuni, safe

Na buɗe littafin nan don in rubuta. Na rufe.

Juma'a, 13 ga Yuni, ƙarfe uku

Maza sun tafi masallaci, gidan shiru. In ban rubuta yau ba, ba zan rubuta ba.

Babana ne. Malam Yari, akawun ƙungiyar mahauta, wanda har yau in an ambace shi sai a ce Allah Ya ji ƙan mai gaskiya. Shi ya rubuta sunayen bakwai da hannunsa a caji ofis. Shekara huɗu ke nan da ya gaya mini, a gadon asibiti, da rana tsaka, Inna ta fita ɗebo ruwan zafi. Ya ce 'yan sanda sun tsare shi yini guda, sun ce ko ya rubuta ko ya yi shekara biyar a kurkuku, ga Inna da tsohon ciki, ga ni 'yar shekara biyar. Ya rubuta. Shugaban yajin, Ƙasimu, bai fito daga kurkuku da rai ba.

Baba Ladan yana cikin bakwai ɗin. Bayan kwana biyu aka sake shi saboda zazzaɓi ya kusa kashe shi a ciki. Shi ya sa aka ɗan yi ta raɗa a kansa a lokacin, daga baya maganar ta mutu.

Ni na tono ta. Da Yaya ya ce maci amanar da na rubuta ba shi da fuska, in ba shi jiki da murya yadda ɗan wasa zai kama, sai na zauna da alƙalami. Babana dogo ne, mai tabarau, mai kyan rubutu, maganarsa a tsanake. Ban da sunan Dogo, ko ɗaya ban sa ba. Na waiwaya na ɗauko wanda aka taɓa zargi, na ce a raina ai na canza suna. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Har gida nake zuwa wurin Kalsum ina sauraren yadda babanta yake maƙalewa a kan "k", ina zuwa ina rubutawa. Yana ba ni goro in kai wa Inna.

Lahadi, 15 ga Yuni, ƙarfe biyar

Na gaya wa Yaya Sanda. Ya ajiye jaridar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Me ya sa sai yanzu?"

Na ce ban zaci za a gane ba.

"Kin zata. Ki daina yi mini ƙarya ni ma."

Ya tashi ya zaga ɗakin, ya dawo ya zauna. Ya ce mutum arba'in suka yi aikin nan, wasu sun bar sana'arsu saboda shi. In magana ta fita yanzu, jaridun da suka yabe mu da gaskiya su za su fara yayyaga mu. Ya ce kwana goma sha uku ne kawai. In an faɗi sakamako, shi da kansa zai raka ni duk inda nake so.

Na ce, "Baba Ladan fa?"

Ya ce, "Wanda ya jure shekara ashirin da takwas, zai jure kwana goma sha uku."

Na yarda. Ina so a san na yarda, ba tilasta ni ya yi ba.

Talata, 17 ga Yuni, yamma

Saura kwana goma sha ɗaya.

Alhamis, 19 ga Yuni, yamma

Wata mujalla ta sa hotona, an rubuta a ƙasa wai malamar makaranta da ta ceto tarihin mutanenta. Mai motar haya ta danfo ya gane ni, ya ce da Turancin Buroka, "Madam, na you?" wato "ke ce?" Ya ƙi karɓar komai a hannuna.

Baba Ladan ya daina fita masallaci. A wurin Tani mai ƙosai na ji.

Asabar, 21 ga Yuni, ƙarfe ɗaya

Yau da hantsi 'ya'yan marigayi Ƙasimu biyu sun je ƙofar gidan Baba Ladan. Ba su taɓa kowa ba. Sun tsaya a titi, babban ya ɗaga murya ya ce ya fito ya gaya musu me aka ba shi a kan ran ubansu. Mutane suka taru. An ce ya fito yana dogara bango, ya buɗe baki zai yi magana, maganar ta ƙi fita, wasu suka yi dariya suna cewa kamar a fim. Kalsum ta ja shi ciki ta rufe ƙofa.

Ina gida ina guga lokacin da Tani take ba ni labari. Na ci gaba da gugar. Na goge rigar Fatu har sau biyu.

Lahadi, 22 ga Yuni

Saura shida. Ban iya cin abinci ba.

Talata, 24 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Alƙalan gasar sun kira mu Legas don su ji yadda aka yi aikin. Awa uku muka yi a cunkoson motoci. Su biyar ne a ɗaki mai sanyi, shugabarsu wata dattijuwa mai farin tabarau. Yaya ya yi bayani da kyau. Sai ta juyo ta ce, Malama Hassana, wannan Dogo, a ina kika samo shi?

Ban shirya ba, wallahi. Na ji bakina yana cewa mutumin da ya kai sunayen babana ne, kuma kamannin da na sa na wani dattijo ne da ba shi da laifi, yana nan da rai, an hana shi sakat a unguwa. Na faɗa duka. Ban kalli inda Yaya yake ba.

Na ɗauka za su kore mu. Wani cikinsu ya tambaya ko dattijon zai iya kai ƙara. Na ce ban sani ba. Wani ya ce ai wannan ya ƙara wa fim ɗin zurfi. Shugabar ta cire tabarau ta ce, "Malama, fim ba kotu ba ne, mu abin da ke kan allo muke dubawa. Wannan magana ba mu ya kamata ki kawo wa ba. Kin san inda za ki kai ta."

A hanyar dawowa Yaya ya juya fuskarsa wajen taga. A Mushin ya sauka bai yi mini sallama ba.

Na faɗa wa baƙi biyar a ɗakin da babu wanda ya san babana. Wannan ba jarumtaka ba ce. Na sani.

Alhamis, 26 ga Yuni, bayan la'asar

Na je wurin Inna da safe na ce zan je gidan Baba Ladan. Ba ta tambayi dalili ba. Ta ɗauki mayafi ta ce, "Na fi ki daɗewa da wannan kaya. Mu je."

Ashe ta sani tun ranar da abin ya faru.

Kalsum ta buɗe, ta gaida Inna, ni ta bi ni da ido. Baba Ladan yana kwance a tabarma, ya rame. Na durƙusa na ce, "Baba, kun yini lafiya?" Daga nan na faɗi abin da ya kawo ni. Ban yi kuka ba, na ga ba ni da hakkin yi.

Ya daɗe kafin maganar ta fito. Ya ce ya sani. Ranar da aka kai su caji ofis takardar tana kan tebur, kuma Yari shi yake rubuta masa wasiƙa zuwa gida, ko a mafarki ya ga rubutun zai gane. Ya ce bayan an sake shi, babana ya same shi a bayan rumfar fata ya riƙe ƙafarsa yana kuka. Shi kuma ya yi masa alkawari ba wanda zai ji daga bakinsa.

Kalsum ta ce, "Baba, ka sani, ranar Asabar ka tsaya suna maka dariya?"

Ya ce ba i'ina ce ta hana shi magana ranar ba.

Sannan ya juyo gare ni ya ce, "'Yata, ki bar shi haka. Ni na kusa tafiya. Kar ki yi wa matacce abin da kika yi wa mai rai."

Allah Ya sani, raina ya yi tsalle da jin haka. Ga ƙofa an buɗe mini. Inna ce ta rufe ta. Ta ce, "Malam Ladan, alkawarinka da shi ne, ka cika, Allah Ya saka maka. Mu ba mu yi wa kowa alkawari ba. Jikokinka a garin nan za su yi aure."

Juma'a, 27 ga Yuni, ƙarfe biyar

Bayan an sauko masallaci muka je zauren Sarkin Fawa, ni da Inna. An kira 'ya'yan Ƙasimu. Zauren ya cika har waje. Sarki ya ce ko a nemo namiji ya yi magana a madadinmu, na ce ranka ya daɗe, da na rubuta ban nemi namiji ba.

Na faɗa. Na kai maganar har ƙarshe. Wani tsoho ya ce ƙarya ce, Malam Yari ba zai yi haka ba, sai Inna ta ce ita matarsa ce, ya yi. Babban ɗan Ƙasimu ya tashi ya fita ba tare da ya dube mu ba. Ƙaramin ya tambaye ni ko babana ya ambaci ubansu kafin ya rasu. Na ce e, sunansa ne kusan abu na ƙarshe da ya faɗa. Ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ce gobe shi da dattawa za su je gidan Ladan neman gafara. Da muka fito mutane suka dare mana hanya, ba wanda ya gaishe mu. Inna ta riƙe hannuna har gida.

Lahadi, 29 ga Yuni, safe

Mun ci. Fim ɗin ya ɗauki babbar lamba, ɗan wasan Dogo ya ɗauki ta gwani, ta labari kuma tawa ce. Ban je bikin ba. Jaridar da ta ba mu rabin shafi yau ta ba mu cikakke.

Laraba, 2 ga Yuli, yamma

Wasiƙar da na aika wa jaridar ta fito, an yanke ta saura layi shida, a ƙasan tallan sabulu. Sunan Baba Ladan dai ya fito, da cewa ba shi da laifi.

Yaya ya zo. Ya ajiye lambar a kan tebur, na ce ya tafi da ita. Ya ce ba zai iya cire wurin Dogo ba, in an cire shi fim ɗin ya rushe, amma kafin a kai shi waje zai sa rubutu a farko. Ya ce in rubuta abin da za a sa. Na rubuta layi uku, ya karanta ya sa a aljihu. Da zai fita ya ce, "Abin da na faɗa na kwana goma sha uku, ki gaya wa dattijon ya yafe mini." Na ce ya san gidan.

Iyayen yara biyu sun nemi a canza wa 'ya'yansu aji. Tani ta daina tsayawa hira. Inna ta ce ba a yi mana komai ba tukuna.

Asabar, 5 ga Yuli, ƙarfe shida da rabi

Jiya Baba Ladan ya aiko a ce mini yana so ya ga fim ɗin, kuma ni zan kai shi. Yau muka je kallon rana a Mushin, a tasi. Na zauna a gefensa awa biyu da rabi ina jin numfashinsa.

Da aka nuna kwata ya yi dariya, ya ce ba haka ake riƙe wuƙa ba. Da Ƙasimu na fim ya hau tebur yana jawabi, ya ce shi Ƙasimu ba ya jawabi, zama yake ya yi ta ɓare gyaɗa har kowa ya gama magana. Da aka zo wurin Dogo sai ya gyara zama. Na so ƙasa ta tsage. Ya kalla har ƙarshe bai kau da kai ba.

A cikin tasi ya ce, "Yaron ya iya. Amma ya yi fuskar mugu da yawa. Ubanki ba mugu ba ne, tsoro ya ji. Da kin rubuta shi yadda yake, da fim ɗin ya fi haka."

Duk sharhin da na karanta wata guda, babu wanda ya kai wannan.

Kalsum tana tsaye a ƙofar gida muka isa. Ta kama hannun babanta ta shigar da shi, sannan ta dawo ta same ni a bakin titi.

Ta ce, "Ya ce ya yafe miki. Ni ban kai shi ba."

Na ce na sani. Na ce zan zo gobe in gaishe shi, in ta yarda.

Ta ce, "Gidansa ne."

Ta shiga. Ba ta sa sakata ba, na tsaya na saurara.